Zulkifilu Bai Zauna Addu'ar Uku Ba

Har yau, in ka zauna a majalisar ƙofar gidan marigayi Malam Lawal mai rediyo a Tudun Wadar Daura, ka ambaci babban ɗansa Zulkifilu, ba za ka rasa wanda zai taɓe baki ya ce, "Au, na Turai? Ai shi ne wanda ana addu'ar ukun ubansa, yana ɗaki yana hira da Turawa." Ba ƙage aka yi masa ba, haka aka yi. Sai dai mutanenmu sun iya kama labari ta wutsiya su bar kan, kuma abin yana ci mini rai, don na san yadda aka haihu a ragaya.

Zulkifilu a shagon gyaran rediyo ya buɗi ido. Shagon manne yake da zauren gidansu, bango ɗaya ya raba su, kullum yana warin dalma da ƙonanniyar waya. Malam Lawal mutum ne siriri mai magana ƙasa-ƙasa, wanda zai kara kunne a jikin rediyo ya faɗa maka ciwonsa kafin ya kwance noti ɗaya. Amma in rediyon ya tashi, mai shi ya shiga zuba masa kirari, sai ya ce, "Kwanansa ne bai ƙare ba." Ba a taɓa jin ya ce shi ya gyara ba. Ranar da Zulkifilu ya zo na ɗaya a aji biyar, ya sheƙo da gudu yana kaɗa takarda, yana shela tun daga bakin layi. Uban bai ko ɗago kai ba. Sai da yaron ya gama haki sannan ya ce, "Waɗanda ka wuce ɗin, iyayensu ba su da kunne ne? Yabon kai jahilci." Daga ranar Zulkifilu ya naɗe harshensa ya ajiye, kuma unguwa kaf ta shaide shi da kunya.

Kan nasa dai yana ja. Yana sakandare ya laƙe wa wani shagon buga takardu kusa da tasha, yana buga wa mutane wasiƙar neman aiki don a bar shi ya taɓa kwamfuta. Daga nan jami'a a Kano, daga nan aiki a Legas, yana rubuta manhaja, wato umarnin da kwamfuta ke bi ta yi aikinta. Yana da shekara talatin da ɗaya wani kamfani a ƙasar Holan ya ɗauke shi. Manhajar tashar jiragen ruwa suke yi, ita ke tsara wane jirgi zai shigo, wane zai jira. Abokansa sun sha yi masa tsiya a kan haka: ɗan Daura, wanda babban ruwan da ya sani shi ne madatsar Daberam, wai shi ke jera wa jiragen teku layi.

Ya tafi da matarsa Khairunnisa da 'yarsu Yasmin, kuma a kan Yasmin ɗin nan komai ya rataya. Da sikila aka haife ta. Zulkifilu ba a littafi ya san ciwon nan ba. Ƙanwarsa Rabi da ciwon ta rasu tana shekara tara, a gabansa, tana cizon zanin uwarsu don kada ta yi ihu. A can kuwa Yasmin ta sami likitocin da suka san ta da suna, ta yi kumatu, ta koyi hawa keke. A shekararsu ta huɗu aka sa ta a layin dashen ɓargo, aka ce in komai ya tafi daidai, bayan damina za a yi. Amma asibitin yana bin takardar zamansu ne, takardar zaman kuma ɗaure take da aikinsa kamar akuya da turke. In aka tumɓuke turken, akuya ba ta da wurin tsayawa.

Wata Alhamis aka tumɓuke shi. Wani babban kamfani ya saye nasu, aka kira mutum arba'in taro ta kwamfuta, cikin minti goma sha biyar aka gama da su. Kafin ya kai kofin shayinsa kicin an rufe masa hanyar shiga aikin da ya shekara huɗu yana ginawa. Doka ta ba shi wata uku ya sami wani kamfanin da zai tsaya masa, in bai samu ba su tattara.

Da farko bai razana ba, don ya san hannunsa. Kuma lallai duk jarrabawar da aka ba shi ta rubuta manhaja yakan cinye ta tas. Matsalar tana zuwa ne in an zauna hira. Sai su ce ya faɗa musu babban abin da ya taɓa yi, shi kuma sai ya sunkuyar da kai ya ce ai suna da yawa, abokan aikinsa sun yi ƙoƙari ƙwarai, an dai dace. Sai su yi murmushi su rubuta wani abu. Bayan kwana uku imel ya zo da ban haƙuri. Sau goma sha ɗaya aka yi haka. Wani ma ya fito masa a mutum, ya ce sun yi awa guda da shi amma ba su gane shi me ya yi ba. Zulkifilu ya ji zafin maganar, amma a ransa gani yake rashin tarbiyya ce mutum ya zauna gaban baƙi yana buga ƙirji. Gida kuwa bai faɗa wa kowa an sallame shi ba.

Saura kwana goma sha biyu wa'adin ya cika, kamfani ɗaya ya rage masa. Sun sa masa intabiyun ƙarshe ranar Laraba, ƙarfe goma nasu, tara na Daura. Ranar Litinin da asuba waya ta shigo: Malam Lawal ya faɗi yana alwala, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Zulkifilu ya zauna a bakin gado da wayar a hannu, ya kasa kuka, ya kasa tashi. Khairunnisa ce ta ce, "Abban Yasmin, tashi ka nemi jirgi. In ba ka je ba, ba za ka yafe wa kanka ba." Ya rubuta wa kamfanin yana tambaya ko za a ɗaga ranar. Suka ce shugabar sashen za ta tafi hutu ranar Alhamis, sai bayan sati uku, amma in ya yi tafiya ne za a iya yi ta bidiyo. Bai faɗa musu dalili ba. Yana cikin jirgi, a sama, aka kai ubansa makwanci.

Talata da la'asar motar Kano ta sauke shi. Gero ya kai ƙugu a gonakin bakin hanya, gari ya yi luf da hadari. An kafa rumfa a ƙofar gida, an baza tabarmi har bakin kwata. Ƙanin ubansa, Baffa Mainasara, ya taso ya rungume shi. Shi wannan dillalin shanu ne a karar Mai'adua, ƙato mai muryar da ke tsallake katanga uku, har mutane kan yi mamakin yadda ciki ɗaya ya haifo shi da Malam Lawal. Ya zaunar da shi a tsakiyar tabarma, wurin babban ɗa.

"Alhamdulillahi da ka iso," in ji shi. "Jana'iza ta wuce ka, to ga ta uku. Liman ya sanar tun a maƙabarta, gobe ƙarfe tara. Mutanen Kongolam da Zango da Sandamu duk an aika musu."

Zulkifilu ya juyo ya dube shi. "Ƙarfe nawa, Baffa?"

"Tara. Ko kunnen naka ya toshe a jirgi?"

Bai sami zarafin cewa komai ba, masu gaisuwa suka rufe shi. Kowa ya durƙusa ya yi ta'aziyya, a shafa, sannan ya ɗora da tambayar da ba a tsallakewa: ya hanya, ya iyali, ya aiki? Shi kuma ya amsa kamar yadda ake amsawa, "Da godiya." Kafin magariba ya faɗe ta ya fi sau ɗari, kowace tana fita kamar ƙaya. Wani tsoho ma ya matso da bakinsa kusa da kunnensa ya ce jikansa ya gama karatun kwamfuta, in an natsa a duba masa hanya. Zulkifilu ya ce in Allah ya yarda.

Gaba kura, baya sayaki. In ya tashi daga tabarmar nan ƙarfe tara, ya bar abin faɗe da zai bi shi har kabari, kuma ita ce kaɗai sallamar da ta rage tsakaninsa da ubansa. In ya zauna, ya san inda Yasmin za ta ƙare, don ya taɓa gani.

Laraba bayan sallar asuba, Baffa Mainasara ya zagaya bayan gida don zuba wa ragon marigayi dusa. Zulkifilu ya bi shi, ya tsaya yana murza hannu kamar wanda aka kama da satar gyaɗa.

"Baffa, akwai magana."

"Ina ji."

"Ƙarfe taran nan... ina da wani taro da mutanen can. Ta kwamfuta. Ba zai wuce awa ɗaya ba."

Baffa ya ajiye kwanon dusar a hankali. "Taro. Ranar ukun ubanka. Su mutanen naka ba a mutuwa a garinsu? Ko kuwa bayi suka ɗauka, ba ma'aikata ba? Kira su yanzu ka ce ubanka ya rasu. In ba ka iya ba, ba ni wayar, ko da Hausa ne za su gane."

"Ba wajen aikina ba ne, Baffa."

"To wajen wa?"

Ragon ya ci gaba da cin dusarsa.

"Kai ɗan nan, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Yi magana."

Sai Zulkifilu ya kwance bakin jaka. Ya faɗi sallamar, ya faɗi wata ukun, ya faɗi kamfani goma sha ɗayan da suka ƙi shi da na yau da ya rage masa, ya faɗi layin da aka sa Yasmin da kwana goman da suka rage. Yana magana yana kallon ƙasa. Ya zaci za a yi masa faɗa, kuma an yi. Baffa ya ce wata biyu da rabi yana ɗauke da wannan dutse shi kaɗai kamar maraya, don ya raina su ko me? Amma faɗan bai yi nisa ba, sai dillalin da ke cikinsa ya farka. Ya gyara tsayuwa ya runtse ido ɗaya.

"Tsaya. Sau goma sha ɗaya ka kai kaya kasuwa, ba wanda ya taya? Ko aikin ne ba ka iya ba?"

"Na iya, Baffa."

"To me kake ce musu?"

Zulkifilu ya faɗa masa. Baffa ya riƙe haɓa, ya yi salati, sannan ya yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Lawal, Lawal, Allah ya jiƙanka, ka bar mana aiki. Kai, ubanka yana zaune a shagonsa, duk Daura ta san hannunsa, rediyon da ya gyara shi ke masa shela a kowane zaure. Shi ya sa shirunsa ya yi masa kyau. Kai wa ya san ka a can? Wa zai yi maka shaida? Ka je kasuwar da ba ka da dillali, ka tsuguna gefen sa ka yi gum, mai saye ya tambaye ka, ka ce ai shanun garinku duk masu kyau ne!"

"Baffa, ba zan iya zama ina yabon kaina ba. Bakina ba ya buɗuwa."

"Wa ya ce ka yabi kanka? Dillali ba maroƙi ba ne." Ya cafko ragon ta ƙaho, ya buɗe masa baki. "Dubi nan. Ba na cewa ragon nan ya fi na kowa. Cewa nake haƙoransa huɗu, wata takwas yana cin dusa da harawa, taɓa gadon bayansa ka ji. Abin da na sani nake faɗi, wanda in an duba za a tarar. Wannan ba yabo ba ne, shaida ce." Ya saki ragon. "Kuma wa ya ce maka kayan naka ne? Abin da ke kanka ɗin nan na yarinyar nan ne, ba ta da wata dukiya sai shi. Kai an ba ka ne ka kai mata kasuwa. Dillalin da aka danƙa wa dabbar yarinya, ya je ya yi shiru don kunya har kasuwa ta tashi, sunansa ba mai kunya ba ne. Maci amana ne."

Maganar ta daki Zulkifilu. Ba a taɓa zaginsa da abin da ya kai wannan ciwo ba, kuma ya san gaskiya ce.

"Abu biyu ya rage," in ji Baffa, yana kakkaɓe hannu. "In kaya na da aibi, ka faɗa da bakinka kafin su gani, addini ma haka ya ce. Sannan kada ka bar mai saye ya ce bari ya zagaya ya dawo. Shekarata talatin a kara, wanda ya zagaya ba ya dawowa. Yanka masa lokaci."

"Addu'ar fa, Baffa?"

Baffa ya sunkuya ya ɗauki kwanon dusar. "Ba ni da ikon ɗaga ta, mutane sun riga sun kamo hanya. Zan zauna a wurinka. Za a yi surutu, kada ka ce ban faɗa maka ba. Shiga shagon ubanka, can ne ke da sola."

Tara saura kwata ya shiga shagon ya saka sakata. Tun da aka daina kawo rediyo gyara, Malam Lawal ya koma cajin waya, amma bai zubar da tsofaffin ba, suna nan jere a kanta har rufi, na mutanen da ba su dawo karɓa ba. Tabaransa na kan tebur inda ya ajiye shi ranar Lahadi. Zulkifilu ya matsar da shi gefe ya ɗora kwamfuta. Sai da ya yi kuskuren lambar sirrinsa sau biyu.

Fuska uku suka bayyana: samari biyu da wata mata mai furfura, ita ce shugabar. A daidai lokacin lasifikar da aka ɗaura a rumfa ta yi ƙara, liman ya ja salati. Bango ɗaya ne tsakani. Yana jin motsin mutane, yana jin tari, yana jin muryar Baffa na cewa a matso ciki.

Aka gaisa, aka yi 'yan tambayoyin aiki, ya amsa. Sai matar ta gyara tabarau ta ce ya ba su labarin wani aiki da yake alfahari da shi.

Bakinsa ya buɗe da kansa ya kama tsohuwar hanya. Ya ce akwai lokacin da manhajarsu ta yi nauyi, jirage suka yi cirko-cirko a bakin tasha, to abokan aikinsa... Ya ga ɗaya daga cikin samarin ya sunkuya zai yi rubutu. Ya san rubutun nan, sau goma sha ɗaya ya gan shi. Ya tsaya cak. Ta bango aka amsa da babbar murya, "Amin!"

Ya ce su ba shi dama ya sake farawa. Ya ce shi aka ba matsalar bayan mutum biyu sun gwada. Shi ya gano inda take, a kwana biyu. Shi ya rushe sashen ya sake rubuta shi, kuma jiran da jirage ke yi ya ragu da kusan rabi, har yau da rubutunsa ake aiki a tasha uku. Ya faɗi sunan tsohon shugabansa, ya ce su kira shi su tambaya. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Ji yake kamar ya tuɓe a tsakiyar kasuwa, a shagon mutumin da bai taɓa cewa shi ya gyara ba. Amma saurayin ya ajiye biro, matar kuma ta matso kusa. Ta tambayi yadda ya gano, ya faɗa mata. Ta kawo wata matsalar da ke damun su, ya ce ya taɓa warware irinta, ya zana musu yadda zai yi.

Ana cikin haka hadarin ya sauke. Ruwan damina a kan kwano, wanda ya sani ya sani. Fuskokin suka daskare, murya ta kakkarye, sandunan sabis suka koma ɗaya. Ya ɗauki kwamfutar ya manne da taga, feshi na dukan hannunsa, ya kashe hoton ya bar murya kaɗai. Ya yi ta kiran sunan Allah a zuci. Minti biyu aka yi ana "kana ji na?" kafin layin ya dawo. A waje mutane sun dunƙule cikin zaure, liman ya ɗaga murya don ya rinjayi ruwan, yana roƙa wa Malam Lawal gafara da sunansa.

Sai matar ta ce, ya yi haƙuri, amma wace ƙara ce wannan, kamar taron jama'a? Ina yake ne?

Ya rufe ido. Ya ce yana garinsu a Najeriya, a shagon mahaifinsa. Mahaifin ya rasu shekaranjiya, abin da suke ji addu'ar da ake yi masa ce.

Da matar ta sake magana, muryarta ta sauya. Ta ce don me bai faɗa ba? Ta ce a tsaya nan, ya je wurin danginsa yanzu-yanzu, in ta dawo hutu sai a ƙarasa a natse, dama akwai mutum biyu da za su gani. Da zuciya ɗaya ta faɗa, tausayi ne tsagwaronsa, kuma tausayin nan shi zai kashe shi. Duk tarbiyyar da aka yi masa tana ce masa ya yi godiya ya rufe kwamfuta.

Ya ce ya gode, amma akwai abin da ya kamata su sani kafin su yanke shawara. Takardar zamansa saura kwana goma. In suka ɗauke shi, sai sun yi gaggawar shigar da takardu, kuma wahala ce a kansu, ba zai ɓoye ba. Yana da 'ya mai jiran aiki a asibiti, shi ya sa yake cikin ɗakin nan ba a waje ba. Ya ce ba sadaka yake nema ba, sun ji abin da ya iya, kuma za su iya bincikawa. Amma bayan sati uku ba za su same shi ba. In suna so, yana buƙatar amsa kafin ta tafi hutu.

Bai san daga ina maganar ta fito ba. Da ta fita sai ya ji tsoro ya rufe shi, don a ganinsa ya yi rashin kunyar da ba a yafewa. Ruwa na ta zuba. Can matar ta ce ba ta yi alkawarin komai ba, amma zai ji daga gare su gobe kafin sha biyun rana.

Da ya zare sakata ya fito, an shafa fatiha tuntuni. Ana rabon gumba da waina, wasu na naɗe jiƙaƙƙun tabarmi. Idanu suka juyo kansa gaba ɗaya. Wani aminin ubansa, da suka yi shekara arba'in suna sahu ɗaya a masallaci, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "An fito?" Ya miƙa masa yatsu biyu ya wuce. Baffa Mainasara ya yi ta faɗa da ƙarfi cewa shi ya sa yaron wani aiki, amma wa zai saya? Zulkifilu ya zauna a gefen zaure, ya ɗaga hannu shi kaɗai ya yi tasa addu'ar.

Alhamis ya wayi gari da waya a tafin hannu. Ruwan jiya ya taɓa sabis ɗin unguwar, sai ya riƙa fita bakin titi yana dawowa kamar mai zawo. Khairunnisa ta kira sau uku, ba ta tambaya, sai dai ta ce Yasmin ta sha magani, ta tafi makaranta. Sha ɗaya nasu ta wuce. Sha ɗaya da rabi. Yana tsaye gindin wata darbejiya kusa da masu faci, saƙon ya shigo. Sun ɗauke shi, kwantiragin shekara ɗaya. Amma lallai gobe Juma'a ya kasance a ofishinsu da fasfo, don a shigar da takardu kafin ƙarshen mako. Ya karanta sau uku, ya tsuguna a wurin. Jirgin da zai kai shi a daren nan yake tashi daga Kano. Ko addu'ar bakwai ba zai gani ba.

Bayan azahar ya shiga sallama da mahaifiyarsa. Inno tana ɗakinta cikin takaba, zaune a tabarma da carbi. Shi ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma kallon fuskarsa in suna magana. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya fara kame-kamen yadda zai ce zai tafi kwana huɗu da rasuwa.

"An samu?" in ji ta, tana kallon carbinta.

Ya ɗago. "Baffa ne ya faɗa miki?"

"Ba wanda ya faɗa mini. Malam ne ya faɗa, tun watan jiya."

"Baba? Wa ya gaya masa?"

"Wa zai gaya masa? Cewa ya yi, mutumin da shekara huɗu ba ya kira sai Asabar, yanzu ga shi yana kira Talata da hantsi, yana tambayar ko an yi shuka. Ya ce mai aiki ba ya kira da hantsi. Kuma ya ce muryar ba daidai take ba." Ta ja ƙwayar carbi ɗaya. "Na ce ya tambaya mana. Ya ce a'a, kada a kunyata yaro, zai faɗa da kansa in ya shirya. Duk ranar da aka kira, in ya ajiye wayar sai ya ce, yau ma bai faɗa ba."

Zulkifilu bai yi kuka ba da aka kira shi ranar Litinin, bai yi a jirgi ba, bai yi a bakin kabari ba. A nan ya kifa goshinsa a dokin ƙofa, kukan ya ƙwace masa kamar na ƙaramin yaro. Inno ta juya fuskarta bango ta bar shi ya yi.

Sai da ya lafa sannan ta ce, har yanzu tana kallon bango, "A tashi haka nan, kada mota ta cika. In an je, a faɗa mini ranar da za a yi wa yarinyar aikin. Ni a faɗa mini."